Afrilun 2011: A Wuyan Wa Alhakin Jinin Yake?



An ɗora mana nauyin yin magana a kan tarzomar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011 a Nijeriya, da kuma tambayar da har yau ba a amsa ta a gaban alƙali ba, wato wa ke da alhakin rayukan da suka salwanta. Yawancinmu da ke zaune a nan muna makarantar sakandare ko ƙasa da haka lokacin da abin ya faru. Labarin ya iso mana ne ta bakin iyaye da maƙwabta, kuma kowane gida da rabin da ya riƙe. Wanda ya tashi a Tudun Wadan Kaduna ya san Zonkwa, wanda ya tashi a Sabon Tasha ya san majami'un da aka ƙone, wanda ya fito daga kudancin ƙasar ya san masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a Bauchi. Abin da muke so mu yi yau shi ne mu haɗa waɗannan gutsattsarin wuri guda, sannan mu auna.

Mu fara da abin da ya tabbata. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, bai cika wa'adinsa na farko ba, mataimakinsa Goodluck Jonathan ya hau. Jam'iyyar PDP tana da fahimtar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa, don haka wasu manyan 'yan siyasar Arewa, a ƙarƙashin Malam Adamu Ciroma, suka dage cewa sauran wa'adin na Arewa ne, suka tsayar da Atiku Abubakar. Jonathan ya kayar da shi a zaɓen fitar da gwani na Janairun 2011. Daga nan maganar yanki da addini ta mamaye yaƙin neman zaɓe.

An kaɗa ƙuri'a ranar Asabar 16 ga Afrilu. Hukumar zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta bayyana cewa Jonathan ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 22.5, Janar Muhammadu Buhari na CPC ya samu kimanin miliyan 12.2. Buhari ya ci jihohi 12, dukkansu a Arewa, Nuhu Ribadu ya ci Osun, saura duka suka tafi ga Jonathan. Duk wanda ya kalli taswirar sakamakon zai ga ƙasar ta tsage gida biyu kamar an ja mata layi.

Tun kafin a kammala sanarwa, zanga-zanga ta ɓarke ranar 17 ga wata, ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone da kisa. Da fari fushin ya sauka a kan manyan Arewa da ake zargi da mara wa PDP baya: an ƙone gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo a Zariya, an ƙone gidajen wasu fitattun 'yan siyasa a Kano, har masarautu ba su tsira daga fushin ba. Kafin a ankara sai abin ya juya kan majami'u da shagunan Kiristoci da baƙin da suka zo daga Kudu. A jihar Bauchi an kashe matasa 10 masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda hukumar zaɓe ta ɗauka aikin wucin gadi a rumfuna. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta ce an kashe mata mutane aƙalla 170, an ƙone ko an lalata majami'u fiye da 350.

A kudancin jihar Kaduna kuwa, inda Kiristoci suka fi yawa, reshe ya juya da mujiya. A Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da ƙauyukan kewaye, Musulmi Hausawa da Fulani ne aka fi kashewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 500 suka mutu a wannan yanki kaɗai, mafi yawansu Musulmi, kuma ɗaruruwa daga cikinsu a Zonkwa. Waɗanda suka tsira da yawa sun ƙare a sansanin alhazai na Mando, inda wasu suka shafe shekaru. Jimilla, ƙungiyar ta ce fiye da mutum 800 suka mutu cikin kwana 3 a jihohi 12, fiye da 65,000 suka rasa muhalli. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a ƙarƙashin marigayi Sheikh Ahmed Lemu ya ƙirga mutum 943, kuma mafi rinjayensu a jihar Kaduna.

To, wa ke da laifi? Amsa mafi sauƙi, wadda ta fi yawo, ita ce a ɗora wa al'umma ɗungurungum. Wani ya ce Hausawa ne ba su iya faɗuwa zaɓe ba, wani ya ce mutanen kudancin Kaduna ne suka daɗe suna jiran dama. Muna ƙin wannan amsa saboda dalili biyu. Na farko, ƙarya ce: miliyoyin mutane sun zaɓi Buhari ba su ɗaga ko tsinke ba, dubban ɗaruruwan Kiristocin kudancin Kaduna ba su taɓa kowa ba. Na biyu, ita ce mafakar mai kisa. Da zarar an ce ƙabila ce ta yi, to babu mai suna, babu mai fuska, babu wanda za a gurfanar. Kuma da wannan tunanin ne aka yi kisan tun asali: an kashe ɗan hidimar ƙasa a Bauchi saboda ƙuri'ar da aka ce an cusa a Ribas, an kashe ɗan tireda a Zonkwa saboda majami'ar da aka ƙone a Zariya. Ba shari'ar Musulunci, ba koyarwar Kirista, ba dokar ƙasa da ta yarda a kama wani da laifin wani.

Don haka alhaki na farko yana wuyan wanda ya ɗauki adda da fetur. Akan ce talauci ne, rashin aikin yi ne, almajirci ne. Waɗannan gaskiya ne, kuma suna bayyana dalilin da ya sa ake samun 'yan tarzoma da arha. Amma bayani daban, uzuri daban. Matalauta sun fi masu kisan yawa nesa ba kusa ba, kuma yawancin waɗanda aka kashe su ma matalauta ne. Idan muka ce talaka ba ya iya rarrabe tsakanin mai maguɗi da matashin da aka turo ya riƙe rajista, mun raina talaka, mun cire shi daga sahun masu hankali. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Abin da ya faru a Afrilun nan ya ma wuce haka, domin da yawa daga mamatan ba su kashe zomon ba, ba su rataye shi ba.

Alhaki na biyu yana wuyan masu harshe. Shekara guda aka yi ana shaida wa talakan Arewa cewa an ƙwace masa rabonsa, ana shaida wa Kirista cewa wannan zaɓe na tsira ne ko halaka. An faɗa a dandalin siyasa, an faɗa a kan wasu mumbarori da wasu majami'u, an yaɗa ta saƙonnin wayar salula. Kwamitin Lemu ya ambaci rikicin karɓa-karɓa a cikin musabbaban fitinar. Ya kuma ce kiran da aka yi wa jama'a su tsare ƙuri'unsu, wanda 'yan siyasa da dama suka yi har da Janar Buhari, wasu sun fahimce shi a matsayin izinin tayar da hankali. Daga baya Sheikh Lemu ya fito ya ce kwamitinsa bai kama Buhari da laifi ba, shi ma Buhari ya nesanta kansa da tarzomar. Adalci ya sa mu faɗi duka biyun. Sai dai darasin yana nan: shugaban da miliyoyi ke saurare ba a auna maganarsa da abin da ya nufa kaɗai, ana auna ta da abin da yaro ɗan shekara 18 zai ji a cikinta. Haka ma ɓangaren Jonathan: wanda ya tsallake yarjejeniyar jam'iyyarsa, ya kamata ya san irin garwashin da ya taka.

Alhaki na uku yana kan waɗanda suka zubar da mutuncin zaɓe. Masu sa ido na cikin gida da na waje sun ce zaɓen 2011 ya fi na 2007 inganci, wanda shi kansa 'Yar'aduwa ya amsa cewa yana da naƙasu. Duk da haka akwai abin tambaya: a wasu jihohin Kudu maso Kudu da Kudu maso Gabas an ba Jonathan fiye da kashi 95 cikin 100, da yawan masu fitowa da ya zarce na sauran ƙasar, a Arewa kuma an ga ƙananan yara a kan layi. CPC ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a Disamban 2011. Abin lura shi ne, matasan da suka fito ba su jira kotu ba, domin 2003 da 2007 sun koya musu cewa kotu ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda suka yi shekaru suna tsaga bangon suna da kasonsu, ko da ranar fitinar suna cikin gidajensu na Abuja.

Alhaki na huɗu, wanda a ganinmu ya fi nauyi, yana wuyan hukuma. Jihar Kaduna ba baƙuwar irin wannan ba ce: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin shari'a a 2000, rikicin gasar sarauniyar kyau a 2002. A Jos kuwa, zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa kaɗai ya ci rayuka ɗaruruwa a Nuwamban 2008. Duk mai hankali ya san inda wuta za ta tashi, amma ba a girke isassun jami'an tsaro ba sai da gawawwaki suka taru, kuma da suka iso an zargi wasunsu da harbe mutanen da ba su ji ba su gani ba. Kwamitin Lemu da kansa ya ce babban musabbabi shi ne yadda gwamnatoci suka yi ta jingine rahotannin kwamitocin baya. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2013 a kan jihohin Filato da Kaduna ya nuna cewa ƙalilan ne ƙwarai aka hukunta, alhali waɗanda suka tsira sun san makasan da sunayensu. An ba iyalan kowane ɗan hidimar ƙasa naira miliyan 5, wannan ya kyautu, amma diyya ba ta maye gurbin hukunci. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe tun 2008, har yau shiru. A ƙarƙashin duka wannan akwai rabon 'yan ƙasa gida biyu, ɗan asali da baƙo, wanda ya sa Bahaushen da kakansa ya haihu a Zonkwa da Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano kowanne yake zaman aro a garinsu.

Wani zai ce wannan halinmu ne, ba ya sauyawa. Zaɓen 2015 ya ƙaryata shi. Mutanen nan biyu ne suka sake karawa, zafin ma ya fi na da. Amma an sa 'yan takara sun sanya hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja cikin Janairu, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya bi su sau da ƙafa, sannan ranar 31 ga Maris Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama sanarwa ba. Ƙabilun ba su sauya ba, talaucin bai gushe ba. Halin shugabanni ne ya sauya, sai jini bai kwarara kamar na 2011 ba. Kenya kuma ta nuna ɗaya fuskar: bayan zaɓen 2007 an kashe fiye da mutum 1,100, an kai Uhuru Kenyatta da William Ruto kotun duniya da ke Hague, ƙararrakin suka rushe, dukkansu biyu suka zama shugabannin ƙasa. Adalcin da ba a yi shi a gida ba, da wuya a samo shi a waje.

Ina namu a ciki, mu da muke nesa? Nisa ya ba mu abin da 'yan'uwanmu na gida ba su da shi. A nan ɗan Zariya da ɗan Kagoro suna zama ɗaki guda, suna cin tuwo a kwano guda, babu mai tsoron a bi shi gida. Kuma maganarmu tana da daraja a gida fiye da yadda muke zato: saƙon da ɗalibin digirin digirgir ya tura a rukunin WhatsApp na dangi, ana karɓarsa kamar hukuncin alƙali. Don haka muna ba ƙungiya shawara uku. Kada mu tura sakamako ko hoton gawa da ba mu tabbatar da tushensa ba. Masu nazarin tarihi da shari'a a cikinmu su haɗa kai da ƙungiyoyin gida wajen tattara sunayen mamatan 2011 na kowane ɓangare a kundi guda, tun shaidu suna raye. Sannan duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayan mazauna waje, mu tambaye shi matsayinsa a kan hukumar laifukan zaɓe da batun ɗan asali da baƙo, mu rubuta amsarsa, mu buga a wannan mujalla tamu.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma'aunin gaskiyarmu shi ne ko Musulmin cikinmu zai iya ambaton matasan nan 10 na Bauchi ba tare da ya ce "amma Zonkwa fa" ba, Kiristan cikinmu ya ambaci Zonkwa ba tare da ya ce "amma su suka fara" ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.