Ƙungiyoyin Sa-kai da Dukiyar Jama'a a Ƙasar Karaye da Rogo



An nemi in yi magana a kan yadda ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba suke sa masu mulki su yi bayanin abin da suka yi da dukiyar jama'a. Zan tsaya ne a Karaye da Rogo, domin ƙananan hukumomin nan biyu wakili ɗaya suke da shi a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma masarauta ɗaya suke ciki.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin En'e, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa zaman muhawara a Bauchi wajen 1944, suna yi wa hukuma tambayoyin da ba a saba ji ba. Su ba 'yan majalisa ba ne a lokacin. Malamai ne da suka haɗa kai. Daga irin wannan zama aka kai ga kafa NEPU a 1950.

A zamaninmu kuwa, misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce take kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, har yara fiye da 400 suka rasu. Likitoci suka ce magani ba shi da amfani sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin tukuna, in ba haka ba yaro zai koma ya sake shaƙar gubar. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, amma watanni suka shuɗe shiru. Sai waɗansu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin Follow The Money, watau bin sawun kuɗi, a 2012. Suka je garin da kansu, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka yi ta bugawa a jaridu da intanet, ƙungiyoyin waje suna taya su. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka share Bagega, aka fara yi wa yara magani. Ku lura, jama'a, matasan nan ba su kawo ko kwabo nasu ba. Alkawarin da aka riga aka ɗauka suka riƙe, suka ƙi bari a manta da shi.

To, mece ce makamarsu? Takarda ce. Shekara goma sha takwas ƙungiyar Media Rights Agenda da abokanta suka yi, tun daga 1993, suna neman dokar 'yancin samun bayanai, kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Mayun 2011. Dokar ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa ba ta shafe su ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi kowane mataki na gwamnati. Ƙungiyar BudgIT kuma, wadda aka kafa a 2011, tana fassara kasafin kuɗi zuwa harshen da talaka zai gane, reshenta na Tracka yana bin ayyukan mazaɓu gari-gari yana duba ko an yi su.

Mu dawo gida. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, a ƙasar Karaye take, kuma tana hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta Tarayya ce. Ashe ke nan manomin da ke bakin ruwan yana da ikon tambayar nawa aka ware wa noman rani a yankinsa, kuma wa aka ba kwangila. Haka nan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta umarta a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Ni dai a ganina, ko ta hannun jiha kuɗin suka biyo ko kai tsaye, matuƙar ba wanda ya san adadin da ya iso Rogo a wata, canjin hanya kawai aka yi.

Ba na so a ɗauka ƙungiyoyin nan waliyyai ne. Yawancinsu ofisoshinsu a Abuja da Ikko suke, rahotanninsu da Turanci, kuɗinsu daga Turai da Amurka. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, shirye-shirye masu yawa a Nijeriya suka tsaya cik. Akwai kuma waɗanda ba su da komai sai suna da hatimi, suna jiran a kira su taro a otal. Wanda ya dogara ga abincin wani, ranar da tukunyar can ta ƙi tafasa sai ya kwana da yunwa.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin ci gaban gari da na manoma da na iyayen yara, waɗanda muke da su tuntuni, sun fi cancanta da wannan aiki, in sun daina tsayawa ga kai gaisuwa da roƙon gudummawa. Abin da suka rasa shi ne mai karanta musu kasafi, mu kuwa an koya mana. Kasafin Tarayya yana nan a intanet kyauta. A hutun nan kowannenmu ya binciko ayyukan da aka rubuta da sunan mazaɓar Karaye da Rogo, ya fassara su da Hausa, ya kai wa dattawan ƙungiyar garinsu, su je tare su ga ko ajin ko rijiyar tana nan. Ku kuma ƙananan ma'aikata, wata rana wasiƙar tambayar a teburinku za ta sauka, kuma kwana bakwai doka ta ba ku.