Wa Za Mu Kai Wa Mai Ciwon Damuwa?



A Babura da ƙauyukanta, duk gidan da ya sami ɗa ɗaya da ya yi zurfi a boko, to, shi ake tambaya in wani abu ya ɗaure kai. Idan ƙanwa ta haihu ta daina ci, ta daina magana, ko ƙane ya dawo daga jarrabawa barci ya gagare shi wata guda, mu ake duba a ce, "Ina za a kai shi?" Amsar da muka bayar ita za ta raba shi da wahala, ko ta ƙara masa. Saboda haka wajibi ne mu san yadda ake zaɓen mai magani.

Da farko mu san masu aikin iri-iri ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙware, shi ne ke rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda maganinsa zama ne da tattaunawa. Akwai kuma nas da aka horar musamman. Mai neman su daga nan zai fara da babban asibitin Babura, daga can a tura shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Shiga waɗannan wurare ba ya nufin mutum ya haukace.

Magani da magana ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, suna zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. A Zimbabuwe kuma, tun 2006, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a bisa benci a harabar asibiti, aka kuwa ga amfaninsa.

To, da me za mu auna mai magani? Da abu huɗu. Na ɗaya, ya faɗi inda ya yi karatu ba tare da ya ji haushin tambayar ba. Na biyu, ya fi yawan saurare a kan wa'azi. Na uku, ya riƙe amana. Bai kamata ya kwashe sirri ya kai wa miji ko shugaban ofis ba, sai fa in rai na cikin haɗari. Na huɗu, ya bayyana yadda aikin zai tafi da abin da za a biya. Mace kuwa tana da damar neman mace, ko ta zo da 'yar rakiya.

Wanda ya ɗauko mari ko bulala, a guje shi ko wane ne. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, daga gidajen mari a Kaduna da Daura, nan kusa da mu. Iyaye ne suka kai yawancinsu, da kyakkyawar niyya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi. Addu'a kuwa ba ta hana asibiti, asibiti bai hana addu'a ba.

Me za a tarar a ɗakin? Zaman farko tambayoyi ne: barci, abinci, iyali, bashi, shaye-shaye, har da ko mutum ya taɓa tunanin kashe kansa. Kada a ji kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga nan sai a riƙa haɗuwa kamar sau ɗaya a mako, na kusan sa'a guda, har makonni da dama. Akan ba mutum aikin da zai yi a gida, kamar ya lura da tunanin da ke taso masa, ko ya koma gona da majalisa sannu a hankali. Wata rana zai fito da hawaye, wannan ba alamar lalacewar aiki ba ce. In an haɗa masa da ƙwaya, takan ɗauki makonni kafin ta nuna aikinta, kuma ba a yanke ta sai da sanin likita. In kuwa an yi zama da yawa hankali bai kwanta da mai maganin ba, a faɗa masa, a nemi wani. Amma wanda ya ambaci halaka kansa ba a jira masa mako, a kai shi asibiti ran nan, kada a bar shi shi kaɗai.

'Yan'uwa, idan an zo mana da tambayar nan a gida, kada mu tsaya ga nuna hanya da baki. Mu raka mara lafiya, mu yi wa mai magani tambayoyin nan huɗu a madadinsa, mu kuma kama bakinmu bayan mun dawo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.