Ramin kifi a karkara: lissafin da za mu yi kafin mu sayar da sa



Muna gaida ardo-ardo da rugga-rugga da suka baro garkunansu suka zo, muna gaida dattawanmu da iyayenmu mata, muna gaida dillalai da fataken shanu da suka zauna can kusa da ƙofa kamar kullum, don kada ciniki ya wuce su. Allah ya sa kowa ya baro gida lafiya.

Zancen da aka ce mu yi yau zancen kifi ne. Mun ga wasu sun yi murmushi, domin da yawa cikinmu ba mu tashi da cin kifi ba, balle kiwonsa. Amma tambayar daga cikinmu ta fito. Fatakenmu masu kai shanu kudancin Najeriya suna dawowa da labarin ramukan tarwaɗa da suka gani a bayan gidajen mutane, da yadda ake auna ta a sikeli ana ƙirga kuɗi nan take. Wasu kuma, tun farin 1984 da wahalar da dabbobi suka sha a 2010, suka ƙudura ba za su ƙara aza dukiyarsu duka bisa ƙafa huɗu ba. Wannan tunani daidai ne, ba mu da ja a kansa. To ga tambayar: mutum yana da ɗan fili a karkara, gefen fadama ko kusa da mazauninsa, shin ya sayar da bijimi biyu ko uku ya gina ramin kifi, ko ya bari?

Ba za mu ɓoye muku ra'ayinmu ba. Ga mafi yawanmu abin bai cancanta ba. Ga kaɗan cikinmu ya cancanta ƙwarai. Abin da ya rage shi ne kowa ya gane ɓangaren da yake, kuma ruwa ne zai fara gaya masa.

Mu ɗauki rami matsakaici, tsawo mita 20, faɗi mita 20, zurfi mita ɗaya da rabi. Cika shi sau ɗaya yana cin lita 600.000, wato ganga 3.000 irin mai lita 200. Wannan cikawa ce kawai. Cikin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke bisa ka kuma iska busasshe yana kaɗawa, ruwan da ke a fili yana iya sauka kusan santimita ɗaya kowace rana, ko da digo ɗaya bai tsiyaye ƙasa ba. Santimita ɗaya a fuskar wannan rami lita 4.000 ne, ganga 20. Ku da kuke jan guga kun fi mu sanin abin da babbar saniya ke sha cikin bazara: lita 30 zuwa 40. Ke nan abin da rana kaɗai ke ɗauke wa wannan rami a wuni ɗaya ya isa shayar da shanu ɗari. Duk wanda ke niyyar cika ramin kifi da rijiyar da garkensa ke sha, ya sani ya ƙara wa kansa shanu ɗari a bakin rijiya, waɗanda ba su ba da nono, ba su haihuwa. Kuma tarwaɗa in an cunkusa ta ana ba ta abinci, ruwanta yana ɓaci ya yi wari, sai an zubar da wani an zuba sabo. Wannan ma wani ruwan ne, da injin da zai ja shi, da man da injin zai sha.

Saboda haka kada wanda ya duba fili cikin Agusta ya ce ya ga wurin kifi. Cikin Agusta ko'ina wurin kifi ne. A koma wurin ƙarshen rani, lokacin da kowa ke neman inuwa. In masu lambu na wurin suna samun ruwa a ƴar rijiya gajeriya har damina ta faɗi, to akwai magana. In sai an haɗa igiya gaba ashirin ko talatin kafin guga ya taɓa ruwa, a bar zancen.

Bayan ruwa sai ƙasar da za ta riƙe shi. Akwai wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, da ya sayar da bijimai ya ɗauko magina suka yi masa rami mai kyan gani a jigawa. Ruwan sama ya cika shi, ya yi murna, ya aika a sayo masa ƴaƴan kifi. Kafin saƙon ya iso ruwan ya shige ƙasa. Yanzu awaki ke kwana ciki. Da ya yi ɗan gwaji da bai yi wannan hasara ba, kuma gwajin ba ya cin ko dala. A gina rami iyakar ƙugu, a cika shi da ruwa da safe, da marece a ƙara cika shi, a rufe bakinsa da zana don kada rana ta sha. In washegari an tarar da mafi yawan ruwan yana nan, ƙasar tana riƙo. Ko kuma a ɗebo ƙasa daga ƙasan ramin, a jiƙa ta, a dunƙula, a jefa sama a cafe. In ta tsaya dunƙule akwai laka. In ta watse yashi ne. Ana iya shimfiɗa leda mai kauri ko a yi kankare, amma wannan kuɗi ne bisa kuɗi, kuma leda ba ta shiri da kofato ko ƙaya.

Yanzu mu zo ga abin da fatakenmu ba su gani ba lokacin da suke kallon ana auna kifi. Sun ga ranar ciniki, ba su ga wata biyar ko shida da aka yi ana ciyarwa ba. Tarwaɗa ba ta kiwo da kanta kamar tunkiya. Duk abin da ta zama, daga buhu ya fito. Kafin ta ƙara kilo ɗaya sai ta ci abincin kanti kilo ɗaya ko fiye. Wanda ya zuba ƴaƴan kifi dubu yana son kowane ya kai kusan kilo, ya shirya sayen abinci tan ɗaya ko sama da haka, wato buhu saba'in zuwa tamanin irin mai kilo 15. Masu wannan sana'a sun san abinci shi ke cinye fiye da rabin kuɗin da ake kashewa. To kowa ya je ya tambayi kuɗin buhu a kasuwar da ta fi kusa da shi, ya ninka sau tamanin, ya ƙara kuɗin mota, sannan ya tambayi kuɗin kilon kifi a hannun mai sari, ba a hannun mai suya ba. Kuma ya cire waɗanda za su mutu, da waɗanda manyan za su haɗiye, domin tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta in ba a ware manya da ƙanana ba. Ya cire na zalɓe, da na guza, da na mai ƙafa biyu da ke zuwa da dare.

Wani abu kuma: yawancin wannan abinci da ƴaƴan kifin daga ƙetaren iyaka suke zuwa. Ku fatake ba sai mun tuna muku ba, Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, an kuma sake rufewa a 2023. Sa yana iya jira a buɗe iyaka yana cin ciyawa. Kifi in buhu ya ƙare ba ya jira.

Karfasa ta fi sauƙin ciyarwa, kuma nan ne makiyayi ke da abin da wani ba shi da shi. In ana zuba kashin shanu daidai wa daida cikin rami, ruwan yana yin kore, kuma wannan koren shi ne abincinta, a ƙara mata da ƴar dusa. Sai dai tana da halinta. Tana haihuwa ba ƙaƙƙautawa har ramin ya cika da ƙanana masu faɗin yatsa uku da ba mai saye, in ba maza zalla aka zuba ba ko aka saka ƴan tarwaɗa su rage ƴaƴan. Cikin ɗari kuma, in ruwa ya yi sanyi, tana rage ci, girma ya tsaya. Dusar ma, mu tuna, ita ce muke rububi a bazara don shanun tatsa.

Sai maganar wanda zai zauna. Kifi yana son a ba shi abinci safe da marece, kowace rana, ba ya tafiya mashekari, ba ya bin garke arewa da damina. Gidan da kowa ke tashi in an tashi ba gidan ramin kifi ba ne. Gidan da tsofaffi da mata da wani saurayi mai hankali ke zama shekara duka, shi ne zai iya. Kuma in matan ne za su yi wahalar, to a ba su kuɗin, a faɗa tun farko a gaban shaidu.

Ranar kamu ma tana da nata. Kifi ɗanye ba ya wuni cikin zafinmu. Tarwaɗa tana jure tafiya da ranta cikin baho da ɗan ruwa, karfasa ba ta jurewa. In ba hanyar mota kusa, ba babban gari kusa, sai banda, banda kuwa itace take ci. Kada a fara kamu sai an san mai saye da ranar da zai zo.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi lafiyar garke da ta yara, kuma ba mu cika jin ana faɗinsu ba. Ruwan da ke tsaye da ciyawa a gefe yana tara ƙananan katantanwa, su ne ke ɗauke da tsutsar hanta da ke ramar da shanu da tumaki, su ne kuma ke ɗauke da tsargiya da ke sa yara fitsarin jini. Mahauta da ke nan sun san hantar da ake zubarwa. Ta wancan gefen kuma, maganin kaska da muke fesa wa shanu dafi ne ga kifi, kaɗan ya isa ya kashe rami guda. Wanda ya wanke injin feshi a bakin ramin, ko ya bar shanun da aka yi wa feshi suka shiga, da safe zai tarar da kifinsa ciki sama. Ke nan dole a raba: ramin kifi daban, mashaya daban. Dole a yi shinge, don shanu kada su rusa gaɓa, don kuma yaro ƙarami kada ya faɗa.

To shingen nan shi ne ya kawo mu zancen fili, kuma muna roƙon ku saurara da kyau. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun tabbatar cewa filin kiwo, da burtali, da wurin da dabbobi ke sauka su sha, na jama'a ne, ba mai ikon kange su ya ce nasa ne shi kaɗai. Mun daɗe muna kai kukan masu zagaye tabki da lambu har garke ya rasa ta inda zai shiga. In ɗayanmu ya gina rami a bakin mashaya ya ja waya, me ya bambanta shi da su? Mun ma ga masu hali da ba kifin ne ya dame su ba, ramin hujja ce kawai ta cewa sun raya wuri don su riƙe shi. Kada a yi wannan da sunan makiyaya. Wanda filinsa gona ce ta gado ko ta saye a yankin noma, ya je wurin kofo, kwamitin filaye na ƙauye ko na komin, ya karɓi takarda kafin ya sa diga. Wanda filinsa aro ne ko jingina, kada ya binne bijimansa ciki, domin ba a naɗe rami a tafi da shi ranar da mai fili ya ce yana son abinsa.

Ga mafi yawanmu akwai hanyar da ta fi wannan arha, ita ce tabkin da Allah ya riga ya gina. Ku dubi Tabalak bisa hanyar Tawa zuwa Agadas, ku dubi Madarunfa kudu da Maraɗi, ku dubi Gidimuni a ƙasar Damagaram. Dabbobi suna sha, masunta suna kamu, kuma kashin da shanu ke bari a gaɓa yana cikin abin da ke ciyar da kifin. An daɗe a ƙasar nan ana zuba ƴaƴan kifi cikin tabkunan da ke riƙe ruwa wata da watanni, tare da ma'aikatan gandun daji, waɗanda sha'anin kamun kifi ke hannunsu. Ba a gina komai, ba a sayen buhu. Abin da ake bukata shi ne shiri tsakanin masu ruwa da tsaki: a ware mashigar dabbobi da ba za a kafa koma ko ƙugiya ba, a sa lokacin da ba a kamu don kifi ya girma, a san asusun da kuɗin zai shiga da wanda ke riƙe da littafi. Inda ake irin wannan zama, mu shiga tun farko mu zauna cikin kwamiti. In mun bari aka gama ba mu, za mu zo wata rana da garke mu tarar an ce tabkin ya zama na kifi.

Wanda kuma ya duba ya ga yana da ruwa kusa har ƙarshen rani, ƙasarsa laka ce, takardarsa tana hannu, akwai mai zama, akwai gari kusa, to Allah ya ba da sa'a, ya gina. Amma ya fara da ƙarami, mita 10 bisa 10, da kifi ɗari biyu ko uku, da kuɗin rago ko na ɗan maraƙi, ba na saniya mai haihuwa ba. Ya sayi littafi ya rubuta kowane buhu da kowane kifi da ya mutu. In zagaye biyu sun fitar da kuɗinsu, ya faɗaɗa.

Waɗanda ke da wannan niyya su yi gwajin rami cikin Afrilu mai zuwa, su auna zurfin rijiyar da ta fi kusa, su zo mana da abin da suka gani a taro na gaba mu duba tare. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da dattawa.