Rediyo Mai Lura Da Rabon Zangon Iska

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Babu Hakimin da bai taɓa zama sasanta rikicin iyakar gona ba, babu kuwa Malamin Hakimin da bai taɓa buɗe littafi don a ga sunan wa aka rubuta a kan wani fili ba. Wannan jawabi game da wani irin fili ne wanda ido ba ya gani, amma gwamnatocin duniya su na rabonsa, su na sayar da shi da tsada, masana kuma sun fi shekara ashirin su na binciken yadda za a yi aronsa ba tare da an cuci mai shi ba.

Duk abin da ke aika magana ko hoto ba tare da waya ba, watau tashar rediyo, da ta talabijin, da wayar hannu, da na'urar da matuƙin jirgin sama ya ke magana da ƙasa, igiyar iska ya ke hawa, ko wanne da zangonsa. Masu sauraron rediyo sun riga sun saba da gajeren zango da matsakaicin zango. Masana kuwa su kan auna zango ne da yawan kaɗawar igiyar cikin daƙiƙa ɗaya. In ta kaɗa sau miliyan, sai su ce megahaz ɗaya ke nan. Idan tashoshi biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, maganarsu ta kan cuɗe, a kasa fahimtar ko ɗaya. Wanda ya taɓa kunna akwatinsa da dare ya ji wata tashar nesa ta danne ta gida ya san wannan.

Tun farkon al'amarin rediyo aka ga tilas a yi doka. A shekarar 1912, bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, da ruɗanin saƙonnin da suka biyo baya, Amurka ta hana kowa watsa saƙo sai da lasin. Daga nan tsarin ya bazu: Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janiba ta raba zanguna bisa ga irin aiki, ko wace gwamnati kuma ta yanka wa masu nema, ta rubuta. Wanda aka yanka wa, nasa ne shi kaɗai, ko ya yi aiki da shi ko bai yi ba. Darajarsa kuwa ba ƙarama ba ce. A gwanjon da aka yi a Nijeriya cikin watan Janairu na 2001, lasin ɗaya na wayar hannu ya kai dala miliyan 285. A na Disamba 2021 kuma, kamfanonin MTN da Mafab ko wanne ya ci megahaz 100 a kan dala miliyan 273.6.

To, da wayar hannu ta yawaita, sai aka shiga kukan zango ya ƙare. Amma a watan Nuwamba na 2002 wani kwamiti na Hukumar Sadarwa ta Amurka ya ba da rahoto cewa awon da aka yi ya nuna zanguna da dama su kan daɗe babu mai motsi a cikinsu, a wurare da yawa. A takarda an rabe fili kaf, a iska kuwa saura ce ta yi yawa. Daga nan tambayar ta taso: me zai hana baƙo ya shiga inda mai lasin ba ya aiki, ya fita da zarar ya dawo? Al'ada ce sananniya a ƙasar noma. Bayan an kwashe amfanin gona a kan bar makiyaya su shiga su ci kara, kowa ya amfana. In kuwa suka shiga tun dawa na tsaye, ɓarna ce, sai gaban Hakimi.

Wanda ya fara ba wannan tunani suna shi ne Joseph Mitola, wani injiniya Ba'amurke, cikin wata maƙala da suka fitar da Gerald Maguire a 1999, sa'an nan cikin kundin digirinsa a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 2000. Abin da ya kwatanta shi ne rediyo mai lura, watau na'urar da ke duba abin da ke kewaye da ita, ta yanke shawara da kanta, ta sauya zango ko ta rage ƙarfi, ta kuma koya daga abin da ya wuce. A 2005 Simon Haykin na Jami'ar Makmasta a Kanada ya tsara maganar yadda injiniyoyi za su iya aiki da ita, daga nan maƙalu suka yi ta fitowa ba adadi. Mafi yawansu kuwa a kan abu guda suka taru: ta yaya na'ura za ta tabbata mai zango ba ya nan?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta kasa kunne, ta auna ƙarfin abin da ta ji. In ya wuce wani ƙa'idajjen mizani, ta ce akwai kowa, in bai kai ba, ta shiga. Wahalar ita ce iska ba ta taɓa yin tsit ɗungum. Kullum akwai ƙugi, wani daga sararin sama, wani daga injuna, wani ma daga cikin na'urar kanta. Sabo da haka kuskure iri biyu ke jiranta. Ta na iya jin ƙugi ta zaci mai gida ne, ta bar fili a banza. Ta na kuma iya jin mai gida daga nesa ta zaci ƙugi ne, ta faɗa masa. In an sassauta mizani don a rage na farko, na biyu ya ƙaru. Na farko asara ce kawai, na biyu kuwa shiga haƙƙi ne, shi ya sa doka ta fi tsananta masa. Ƙa'idar da a ke kira 802.22, wadda aka gama a 2011 don kai intanet karkara ta zangon talabijin, ta ce sai na'ura ta gane mai lasin sau 90 cikin 100, cikin daƙiƙa biyu, ta kuma bar masa wuri cikin wasu daƙiƙa biyu. Akwai hanyoyin da suka fi wannan kaifi, waɗanda ke neman wata alama da ke maimaituwa cikin saƙon tasha, kamar yadda a kan gane kiɗan fada cikin hayaniyar kasuwa, amma su na cin lokaci da batir, kuma sai an riga an san irin saƙon da a ke nema.

Akwai abin da ya fi duk wannan wuya, shi ne ma ya kamata a fi lura da shi. Wanda a ke cuta in an yi kuskure ba tashar ba ce, mai kallo ne a gidansa. Akwatin talabijin kuwa bebe ne, karɓa kawai ya ke yi, ba ya aika kome da za a ji a san ya na nan. A ɗauka ga wani gida bisa tudu, eriyarsa a kan soro, ta na kama tasha sarai. Ga kuma na'urar baƙo a kwari, bayan dutse ko cikin ɗaki mai kaurin bango. Dutsen ya tare mata saƙon tashar, ta kasa kunne ba ta ji kome ba, ta ce fili babu kowa, ta soma watsa nata. Hoton gidan tudu ya wargaje, mai gida kuwa bai san daga ina abin ya zo ba, balle ya san wanda zai kai ƙara. Don gudun haka ne Hukumar Amurka ta ce sai na'ura ta iya jin saƙon da ya gaza abin da talabijin ke bukata wajen sau dubu. Rahul Tandra da Anant Sahai na Jami'ar Kalifoniya a Bakali sun nuna kuma da lissafi, a 2008, cewa akwai iyakar da in saƙo ya yi rauni ya wuce ta, kome daɗewar saurare ba zai fisshe shi ba, domin na'urar ba ta san ainihin yawan ƙugin da ya kamata ta cire ba. Suka kira wannan iyaka bango.

Maganin da masana suka kawo shi ne saurare na haɗin gwiwa. Na'urori da yawa a wurare dabam dabam su kasa kunne, ko wacce ta kai rahoto, a haɗa a yanke. Da wuya dutse ɗaya ya tare su duka. Amma duk wanda ya taɓa sauraron shaidu ya san abin da ke biyo baya. Wata na'urar ta lalace, wata kuwa mai ita ya sa ta yin shaidar zur, har wata ta kwaikwayi muryar mai lasin don sauran su gudu ta cinye fili ita kaɗai. Yadda za a gane maƙaryacin shaida a rage nauyin maganarsa ya zama wani reshen bincike mai zaman kansa.

Da aka zo ga aiki, hukumomi ba su saki jiki da kunne ba. A watan Nuwamba na 2008 Amurka ta halatta amfani da guraben da ke tsakanin tashoshin talabijin, bisa sharaɗin na'ura ta saurara, ta kuma tambayi rajista. A Satumba 2010 sai ta janye tilascin sauraren ga mai bin rajista. Yadda abin ya ke, na'ura ta kan san inda ta ke tsaye ta hanyar taurarin ɗan'adam, ta aika wa wata kwamfuta mai riƙe da sunayen tashoshi duka, da wurarensu, da ƙarfinsu. Kwamfutar ta yi lissafi ta amsa mata: zango kaza da kaza babu kowa, kada ƙarfi ya wuce kaza, a sake tambaya bayan lokaci kaza. Ingila ma wannan hanya ta bi a 2015, Afirka ta Kudu a 2018. Bayan dogon wahalar koya wa rediyo lura, sai ga shi an koma ga littafin magatakarda, kuma an yi daidai, domin littafi ya san da gidan tudu, kunne kuwa bai sani ba.

A Afirka guraben sun fi yawa, tun da ya ke tashoshi kaɗan ne a karkara, zangon talabijin kuma, daga megahaz 470 zuwa 694, ya na cin nisa, ya na ratsa itatuwa fiye da na Wi-Fi. A 2013 an gwada a Kef Taun, aka haɗa makarantu goma da intanet wata shida, ba a sami katsalandan ga masu kallo ba. A shekarar ce kuma aka gwada a Nanyuki ta Kenya da Zomba ta Malawi, sa'an nan a Koforidua ta Gana. Gwaje-gwajen sun yi kyau, amma abin bai bazu yadda aka yi fata ba. Masu ƙera na'urorin kaɗan ne, sabo da haka sun yi tsada. An kuma riƙa yankar saman zangon talabijin a na sayar wa kamfanonin wayar hannu. Mai kuɗi ba ya son gina sana'arsa a filin da za a iya tashinsa gobe, kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ba a yar da saurare ba duk da haka. Akwai inda rajista ba ta da amfani, domin mai zangon yawo ya ke yi, ko kuwa ba ya son a san inda ya ke. Na'urorin Wi-Fi da ke aiki a wani sashe na megahaz 5,000 su na tarayya da rada, watau na'urar hango jirage da hadari. Doka ta sa su kasa kunne minti ɗaya kafin su shiga, in sun ji rada su fita cikin daƙiƙa goma, kada su dawo sai bayan rabin sa'a. Inda aka saɓa, an gani: a 2009 an tarar da irin waɗannan na'urori su na ɓata hoton radar hadari ta filin jirgin saman San Huwan a tsibirin Fotoriko.

Misali mafi girma shi ne na zangon 3,550 zuwa 3,700 a Amurka, inda jiragen ruwan yaƙi ke amfani da rada. A 2015 aka tsara shi hawa uku: soja a sama, sai masu sayen lasin fifiko, sai sauran jama'a a ƙasa. Rundunar ruwa ba za ta rubuta hanyar jiragenta a littafin kowa ba, sabo da haka aka kakkafa na'urorin saurare a bakin teku. In sun ji rada su shaida wa kwamfutar rajista, ita kuma ta tashi na ƙasa daga wannan zango cikin minti biyar. An buɗe shi sosai ga 'yan kasuwa a Janairu 2020, gwanjon lasin fifiko na wannan shekara ya tara fiye da dala biliyan 4.5. A nan kunne da littafi tare su ke aiki, ko wanne ya na rufe giɓin ɗan'uwansa.

Burin Mitola na rediyon da ke sasantawa da maƙwabcinsa ba tare da alƙali ba har yanzu a ɗakin gwaji ya ke. Hukumar binciken sojan Amurka ta shirya gasa daga 2016 zuwa 2019, inda aka zuba rukunonin rediyo masu koyo da kansu cikin zango ɗaya, ba a raba musu ba, aka ce su daidaita. 'Yan Jami'ar Fulorida suka ci, aka ba su dala miliyan 2. An ga na'urorin na iya ba juna wuri, amma babu hukumar da ta yarda tukuna ta miƙa musu zangon jiragen sama ko na masu kai agaji.

Abin da ya shafi gundumomi cikin wannan duka a fili ya ke. Rajista ba ta sanin abin da ba a rubuta ba. In an kafa tasha a wani gari ba a shigar da ita ba, ko an rubuta turakun eriyarta a inda ba nan su ke ba, kwamfuta za ta ba baƙo izinin shiga kanta, lissafinta kuwa daidai. A gundumomin bakin iyaka, irin na ƙasar Katsina da Daura, akwai ƙarin wahala, domin tashar Maraɗi ko ta Damagaram ba ta tsayawa a shingen kwastan, kuma ba ta cikin littafin wannan ɓangare sai in hukumomin ƙasashen biyu sun yi musayar abin da ko wacce ta rubuta.