Ɗan takara da makarantar gwamnati: abin da ya faru a Wiskonsin da Oklahoma



Yau zan ɗan kai ku Amurka, amma ba Washington ba, ba fadar shugaban ƙasa ba. Jihohi biyu za mu leƙa. A can kowace jiha cikin 50 tana da majalisar dokokinta, kuma galibin kuɗin makarantun gwamnati daga jiha da ƙananan hukumomi suke fitowa. Ke nan ɗan majalisar jiha, wanda ko sunansa mutane da yawa ba su riƙe ba, ya fi shugaban ƙasa tasiri a kan albashin malamin da ke koyar da ɗanka.

Lokacin kamfe duk ɗan takara masoyin ilimi ne, masoyin lafiya ne. Ban taɓa jin wanda ya hau mumbari ya ce shi maƙiyin makaranta ne ba. Inda ake rabuwa shi ne tambayoyi biyu da ba a cika yi musu ba: ina kuɗin za su fito, kuma su ma'aikatan, suna da bakin magana ko babu?

Mu fara da Wiskonsin. Jihar nan ita ce ta farko a Amurka da ta ba ma'aikatan ƙananan hukumomi damar zama teburi guda da hukuma ta hanyar sandika, tun 1959. A zaɓen 2010 jam'iyyar Republican ta ci kujerar gwamna da majalisun jihar biyu. Sun yi kamfe a kan rage kashe kuɗi, sun ce ma'aikata su ƙara ba da nasu kason na fansho da inshorar lafiya. Wannan kowa ya ji. Abin da masu zaɓe ba su ji a fili ba shi ne za a kwance wa sandikoki haƙora. A Fabrairun 2011 gwamna Scott Walker ya kawo dokar da ake kira Act 10.

Ku saurari yadda aka ƙera ta, don wayon yana cikin ƙananan layuka. Sandika ba ta da ikon tattauna komai sai tushen albashi, shi ma ƙarin ba zai wuce hauhawar farashi ba sai an yi ƙuri'ar raba gardama. An hana cire kuɗin sandika kai tsaye daga albashi. Kuma kowace shekara sai sandika ta sake neman amincewar kashi 51 cikin 100 na dukkan ma'aikatan, ba na waɗanda suka fito zaɓe kaɗai ba. Wanda ya kwanta gida bai jefa ƙuri'a ba, an lissafa shi cikin masu cewa a'a. To, ku gwada wannan ma'auni a kan ƴan siyasar da suka rubuta dokar, mu ga nawa za su tsira da kujerunsu! Sannan aka tsame galibin ƴan sanda da ƴan kwana-kwana, dokar ba ta taɓa su ba.

Majalisar dattawan jihar kujeru 33 ce. Republican na da 19, amma dokar kuɗi sai mutum 20 sun hallara. Sai ƴan Democrat 14 suka tsallaka jihar Ilinoy suka zauna makonni, yayin da dubun dubatar mutane suka cika birnin Madison. Kujera ɗaya tak ta riƙe komai. Daga bisani masu rinjaye suka zare sassan kuɗi daga dokar suka wuce da ita a watan Maris. A 2011 ɗin aka yi wa sanatoci 9 kiranye, biyu na Republican suka faɗi, amma Walker ya tsallake nasa a 2012. Sandikokin jihar kuwa suka yi asarar mambobi masu ɗimbin yawa.

Kar mu yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci. Hujjarsu tana da nauyi: jihar na fuskantar giɓin kasafi na dala biliyan 3.6, kuma suna cewa sandika na zuba kuɗi a kamfe ɗin ɗan takara, gobe ta zauna da shi a yanke albashi, mai biyan haraji yana waje. Ni na yarda wannan abin dubawa ne. Mu ma nan uwar da ɗanta ya yi makonni a gida saboda yajin aikin malaman kwantaragi ba ta kallon sandika da idon rahama, ko da ta san an riƙe musu kuɗin watanni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye niyya har sai an ci zaɓe. In kana ganin sandika ce matsalar, faɗi a dandalin kamfe, jama'a su auna.

Oklahoma kuma ta ɗauki wata hanya. Tun 1992 ƙa'idarsu ita ce majalisa ba ta ƙara haraji sai da kashi uku cikin huɗu na ƴan majalisa. Shekara da shekaru ƴan takara na alkawari biyu a numfashi ɗaya: za mu rage haraji, za mu gyara makarantu. Sakamako? Gundumomi da dama suka koma karatun kwana huɗu a mako don tsimin kuɗi, malamai na ƙaura zuwa Texas neman albashi mai kyau. A Maris 2018, da barazanar yajin aiki ta matso, majalisa ta ƙara haraji karon farko tun 1990, aka yi wa malamai ƙarin kimanin dala 6,000 a shekara. Duk da haka suka ajiye alli a watan Afrilu, kwana tara na karatu, suna neman kuɗin littattafai da azuzuwa.

Abin da ya fi burge ni ya zo bayan yajin. Malamai da yawa suka yanki fom ɗin takara da kansu. Iyaye kuma suka ɗauko rajistar ƙuri'un majalisa, suna bi suna ɗaya-ɗaya: wane ya ce e, wane ya ce a'a. Da dama daga cikin waɗanda suka ƙi ƙarin harajin suka faɗi tun a zaɓen fidda gwani, a hannun ƴan jam'iyyarsu.

A can akwai al'adar da sandikoki da ƙungiyoyin farar hula ke aika wa kowane ɗan takara tambayoyi a rubuce, a buga amsarsa, wanda ya ƙi amsawa ma a buga cewa ya ƙi. Tambayoyin ba na "kana son ilimi?" ba ne. Wane haraji za ka ƙara, ko wane aiki za ka yanke? Za ka goyi bayan dokar da ta rage ikon sandika? In aka tafi yajin aiki, wa zai kula da ɗakin haihuwa?

Zancen Wiskonsin bai mutu ba tukuna. A Disamban 2024 wani alƙali a Madison ya soke galibin Act 10, kuma hujjarsa ita ce wancan bambanci da aka yi wajen tsame wasu jami'an tsaro a bar wasu. Majalisar jihar ta ɗaukaka ƙara.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.