TSUFA BA KWANCIYA BA NE

Ga jawabin da wakilin jaridarmu ya yi wa ƴan makarantar yaƙi da jahilci da dattawan gari.

  

Yau maganata ta tsofaffi ce. Amma ku samari kada ku tashi. In Allah ya ba ku tsawon rai, ku ne tsofaffin gobe.

Bari in fara da labarin gidanmu. Ina da baffa, manomi ne na ƙwarai. Wata shekara da ɗari gwiwarsa ta kama ciwo. Ƴaƴansa sunka ce: «Baba, ka yi mana wahala, yanzu sai ka huta.» Sunka shimfiɗa masa tabarma cikin ɗaki. Ruwa a kawo masa, fura a kawo masa. Da damina ta faɗi ya ce shi za ya gona. Ya yunƙura, ƙafafu sunka ƙi ɗaukarsa. Tun daga nan bai sake fita ƙofar gida da ƙafarsa ba. Ƴaƴansa don ƙauna sunka yi haka. Amma hutun nan ya fi ciwon gwiwa yi masa ɓarna.

ME KE KAWO CIWON GWIWA DA NA BAYA?

Kun san guringuntsi, wanda kuke gani a bakin ƙashi in an yanka dabba. Mu ma muna da shi a gwiwa da ƙugu da yatsu. Shi ke hana ƙashi ya gogi ƙashi. Da shekaru da ɗaukar kaya yakan cinye kaɗan kaɗan. Shi ya sa tsoho in ya tashi da safe yake jin gwiwa ta sandare, sai ya ɗan taka ta saki.

Ga abin da nake so ku riƙe. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Abincinsa yana cikin ruwan gaɓa, kuma motsi ne ke tura ruwan nan cikinsa. Gaɓar da ba ta motsi tana jin yunwa. Naman cinya kuma shi ke tallafar gwiwa. In mutum ya kwanta sati 2 ko 3, naman ya rame, nauyin jiki duka ya faɗa kan gwiwa, ciwo ya ƙaru. Hauyar da anka jingine ita ke tsatsa.

A shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ta ce wanda ya kai shekara 65 ko ya wuce, ya motsa jiki aƙalla minti 150 cikin sati. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Tafiyar kilomita 2 ke nan, ba gudu. Wanda bai iya yin ta gaba ɗaya, ya raba: minti 10 da safe, 10 da la'asar, 10 bayan magariba. Sannu ba ta hana zuwa.

A RAGE AIKI, KADA A BAR SHI

Ban ce dattijo ya yi gasa da ɗan shekara 20 ba. Jiki yana da iyaka, wanda ya ƙi sanin iyakarsa shi ma ya cuci kansa. Ga dabaru.

Noman duƙe yana karya baya. Hauya mai dogon ƙota ta fi, don da ita ana noma a tsaye.

Ku fita gona da asuba, ku dawo kafin rana ta take. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, saboda haka ku sha ruwa tun kafin ku ji ta.

In za ku ɗauki kaya a ƙasa, ku lanƙwasa gwiwa, ku jawo kayan kusa da ciki, sannan ku miƙe. Buhun hatsi kuwa a bar wa samari da amalanke.

Iyayenmu mata, babban daka a kai wa injin niƙa ko a bar wa ƴan mata. Tulu babba a raba ruwansa gida biyu. Amma ɓarar gyaɗa, kaɗi, saƙar faifai, ban ruwan garka da ƙaramin guga, kiwon awaki, kai wa jika abinci, duk waɗannan kada ku sake su.

Sanda ba abin kunya ba ce. Ku riƙe ta a hannun da ke nesa da ƙafa mai ciwo. In gwiwar dama ke ciwo, sanda a hannun hagu. Tsawonta ya kai wuyan hannu in kuna tsaye.

Wanda sujada ko ruku'u ke ba shi wahala, ya tambayi liman. Addini ya yarda mara lafiya ya yi salla a zaune. Zuwa masallaci da ƙafa shi ma motsa jiki ne.

MOTSI UKU NA KULLUM

1. Ku zauna bisa turmi da anka kife ko kujera mai tsawo. Ku tashi, ku zauna, sau 10.

2. Kuna zaune, ku miƙe ƙafa ɗaya, ku ƙidaya 1 zuwa 5, ku sauke. Kowace ƙafa sau 10.

3. Ku dafa bango, ku ɗaga ƙafa ɗaya, ku ƙidaya zuwa 10, ku canza. Wannan yana hana faɗuwa. Tsoho in ya faɗi ya karye a ƙugu, da wuya ya koma kamar da.

Yaya za ku san kun wuce iyaka? In kun ji ɗan ciwo, kashegari ya lafa, babu laifi, ku ci gaba. In ya kwana ya yini bai lafa ba, ko gwiwa ta kumbura, ku rage rabi. Lokacin ɗari ku rufe gwiwa, ku gasa ta da tsumma da ruwan ɗumi kafin ku fita.

MAGANIN TEBUR

Ranar kasuwa kuna ganin masu tallar ƙwayoyi a faranti, cikin rana da ƙura. Su ce ga maganin gajiya, ga na sanyin ƙashi. Ku yi hankali. Tramol yana ɓoye ciwo, ya sa mutum aikin da ya fi ƙarfinsa, ya sa jiri, daga baya jiki ya saba ba ya iya rabuwa da shi. Ibuprofen da diklofenak, in an daɗe ana sha, suna yi wa tsoho miki a ciki, suna ɓata ƙoda, suna ƙara hawan jini. Parasetamol ya fi sauƙi, amma shi ma yana da iyaka. Ƙwaya mai miligiram 500, babban mutum kada ya wuce 8 a kwana ɗaya. Tsoho ramamme ya sha ƙasa da haka, ya tambayi likita. In ya yi yawa yana lalata hanta.

Tsaga da lalas a kan gwiwa ba su mai da guringuntsi. Miki kawai suke bari, mai ciwon suga kuwa mikinsa ba ya warkewa da wuri.

CIWON DA BA A JIRA DA SHI

Ku tafi gidan likita ran nan, kada a ce sai an gama girbi:

in gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi;

in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya;

in ƙirji ya yi nauyi ko numfashi ya gaza;

in ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari;

in tari ya wuce sati 2, ga rama.

Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama. Ku riƙa zuwa a auna ku. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali. Dunƙulen miya na kanti shi ma gishiri ne.

Wanda yana ta rufe masa ido, kada ya yarda a soka masa allura a gida, yana iya rasa idon. Ana aikin yanar ido a manyan asibitoci, a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Tsohon da ya samu gani ya samu ƙafa.

ABINCI DA ZAMAN MUTANE

Tuwo kaɗai ba ya gina naman jiki. A ba tsoho wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, fura da nono, kwaɗon zogale, miyar kuka. In haƙora sun zube, a dafa ya yi laushi.

Ku samari, ga naku. Kada ku ce «Baba zauna, Inna huta» ku ɗauke musu komi. Ku ɗauki mai nauyi, ku bar musu mai sauƙi. Ku kawar da igiya da turke daga hanyar bayan gida, ku ba su fitila da dare. Ku nemi shawararsu kan iri da lokacin shuka. Wanda ake nema ba ya son kwanciya.

Na ga wata tsohuwa a wata makaranta irin wannan. Tana zuwa da sanda, tana hutawa sau 2 a hanya. Ta ce mini gwiwa na ciwo, amma ba ta yarda karatu ya wuce ta ba. Yau ita ke karanta takardar maganinta da kanta.

Ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su zo ba. Ku tambayi junanku: wane tsoho ne a unguwarmu ya daina fita? Wa zai je gobe ya kama hannunsa, su taka ko zuwa ƙofar gida? Ku rubuto mana abin da kunka yi.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu tsufa da ƙafafunmu.