Yistin Nan Yana da Rai Kuwa?

Yau za mu leƙa madafa, mu koyi darasi wurin iyayenmu mata.

Duk macen da take yin fanke, ko masa, ko burodi, ta san baƙin cikin kwaɓa fulawa mudu guda, ta rufe, ta yi ta jira, amma kwaɓin ya ƙi tashi. Fulawa ta tafi, sukari ya tafi, ga baƙi a hanya. Sau da yawa laifin na yistin da ya daɗe a ajiye ne.

Yisti abu ne mai rai, ƙananan halittu ne ƙwarai. Louis Pasteur, masanin ƙasar Faransa, ya nuna haka a 1857. Yisti yakan ci sukari ya fitar da iska, iskar ce take kumbura kwaɓi. Zafi da laima sukan kashe shi a hankali, amma kamanninsa ba ya sākewa. Da mai rai da matacce, duk ɗaya ne a ido.

Saboda haka, mama, kafin ki taɓa fulawa, gwada shi. Zuba rabin kofi na ruwa mai ɗumi, irin na wankan jariri, wajen digiri 40. Kada ya yi zafi, gama a digiri 60 yisti yakan mutu. Sa ƙaramin cokali 1 na sukari da ƙaramin cokali 2 na yisti, ki motsa, ki bar shi minti 10. In kumfa ya taso, yistinki yana da rai. In ruwan ya kwanta shiru, zubar da shi. Wanda ya rage kuwa, ki rufe shi ruf a wuri mai sanyi.

'Yan'uwa, a Matiyu 13:33 Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da yisti cikin gari mudu uku. A Wahayin Yahaya 3:1 kuma ya tsauta wa ikkilisiyar Sardisu, wadda ake ganinta rayayya alhali matacciya ce. Mutum yana iya riƙe katin baftisma shekara 30, yana zuwa sujada kowace Lahadi, amma bangaskiyarsa tana ajiye kamar tsohon yisti. Shi ya sa Manzo Bulus, a 2 Korantiyawa 13:5, ya gargaɗe mu mu gwada kanmu.

Kada ka jira ranar wahala. Tambayi kanka yau: Ka gafarta wa wanda ya cuce ka? Maƙwabcinka mai yunwa ya ga hannunka? Addu'arka tana fitowa daga zuciya?

Ga albishir. Mataccen yisti sai juji, amma Allah yana iya rayar da zuciyar da ta yi sanyi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, bincike mu, ka rayar da mu ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, cikin sunan Yesu. Amin.